Wane bod ɗin FPGA ya dace da mai fara koyo?

Nura Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum, manyanmu. Ina ND 2 a fannin lantarki nan Katsina, ina son fara koyon FPGA (guntun lantarki da mutum ke tsara da'irar cikinsa da kansa) da Verilog (yaren da ake rubuta tsarin da'irar da shi) saboda aikin kammala karatu. Arduino, ƙaramin bod ɗin nan na ayyukan lantarki, kawai na iya. Na ga bod uku: Basys 3, DE10-Lite da Tang Nano 9K. Aljihu ba nauyi, laftof ɗina kuma RAM 4GB ne. Wanne zan saya?

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara duba laftof ɗinka tukuna. Basys 3 na kamfanin Digilent bod ne mai kyau, guntun FPGA mai suna Artix-7 ne a ciki, ga makunnai 16 da fitilu 16 da za ka ga aikinka da ido. Matsalar ita ce Vivado, manhajar da ake sarrafa shi da ita. Saukar da ita kaɗai gigabait gomomi ne, ka lissafa kuɗin data. Da RAM 4GB kuwa, sai ka dafa shayi ka shanye ba ta gama haɗa ƙaramar da'ira ba. Ni dai Tang Nano 9K zan ce maka. LUT ɗinsa 8,640, wato ƙananan tubalan da ake gina da'ira da su, sun ishe ka, yana da HDMI, manhajarsa ta Gowin kuma ba ta da nauyi.

Maryam Daura: Injiniya, a yi min afuwa, ban yarda gaba ɗaya ba. Tang Nano maɓallai biyu ne da fitilu shida, komai sai ka jona da waya. DE10-Lite na da guntun FPGA mai suna MAX 10, makunnai 10, da allunan nuna lamba shida, manhajarsa Quartus Prime Lite kuma kyauta ce. Nura, ka tambayi malamin da zai duba aikinka wanne ya sani. In ka maƙale, shi za ka nufa.

Injiniya Bashir: Wannan gaskiya ne, Malama.

Sadiq Ƙofar Sauri: Kar ka sayi komai yanzu. Sauke Icarus Verilog da GTKWave, manhajojin gwada da'ira ba tare da bod ba, ka rubuta na'urar ƙirga ka gwada a kwamfuta. Sannan ka kiyaye, ƙafafun waɗannan bod ɗin, inda ake jona waya, ba sa ɗaukar wutar 5V irin na Arduino Uno, 3.3V ne iyakarsu. Ni da hannuna na ƙona ɗaya haka.

Nura Ƙofar Ƙaura: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Gobe zan ga malamin. Yaya Sadiq, Icarus ɗin yana aiki a Windows 10?

Sadiq Ƙofar Sauri: Yana yi. Zo shago bayan La'asar da filas, in tura maka.