Gwajin ƙwaya da barasa ga ma'aikatan makaranta: ta ina ake farawa?

Maman Hadiza, Yamai

Assalamu alaikum. Wata babbar makaranta mai zaman kanta a nan Yamai na son fara gwajin ƙwaya da barasa ga direbobin bas ɗin ɗalibai, masu gadi da masu aiki da injuna a ɗakin koyon sana'a. An sayo kwalin tsinken gwajin fitsari mai gano abu biyar, da na'urar hurawa guda mai auna barasa. To amma banɗaki biyu kacal ma'aikata ke da su, firiji ɗaya ne a ɗakin malamai, kowa na ganin shiga da fitar kowa. Yaya za a yi gwajin ya inganta ba tare da an tozarta mutum ba?

Malam Labo

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ku fara karanta jikin kwalin. Mai gano abu biyar galibi wiwi yake nema, da hodar iblis, da dangin kodin, da amfetamin, sai na biyar da ya danganta da kamfani. Tiramol, wanda shi ne ya fi damun mu a nan, ba ya fita a layin OPI, wato na dangin kodin, ko da mutum ya sha da safiyar ranar. Sai an sayi tsinke mai alamar TRA ko TML. Sholisho kuwa waɗannan tsinkaye ba sa ganinsa sam.

Sai ajiya. Kayan nan ba sa son zafin da ya wuce digiri 30, ga shi a watan Afirilu Yamai na haura 40. Kwalin da ya yi mako a bayan mota ko a sito mai rufin kwano, kada ku amince da shi.

Wajen karɓar fitsari, a nemi mililita 45, a duba ɗuminsa cikin minti 4: ya zama tsakanin digiri 32 da 38. In ya fi haka sanyi, ko an zo da shi daga gida ne ko an sirka da ruwa. A raba shi a kwalba biyu a gaban mai shi, mililita 30 da 15, a liƙe murfi, ya sa hannu a kan liƙin. A karanta tsinke a minti na 5, in ya wuce 10 a jefar. Inda aka fi yin kuskure shi ne karatun: layi biyu, C mai nuna tsinken na aiki da T na gwajin ƙwayar, na nufin ba a ga komai ba, ko da layin T ya yi dishi-dishi. Layin C shi kaɗai ne ke nuna akwai abu. In C bai fito ba, tsinken ne ya lalace.

Likitar Ma'aikata

Malam ya yi bayani, amma a ƙara da wannan: layi ɗaya zargi ne kawai, bai isa hujjar kora ba. Rifamfisin na masu tarin fuka da ofuloksasin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, kan sa tsinke ya nuna kamar akwai dangin kodin. Efabirenz, maganin masu ɗauke da cutar sida, kan sa tsinke ya nuna kamar akwai wiwi. Maganin mura mai sudo'efedirin kan fito kamar amfetamin. Ku duba wannan da kyau: direban da ke shan maganin sida a ɓoye, in shugaban makaranta ne ya tsare shi da tambaya, ko dai ya tona asirin ciwonsa ko ya karɓi sunan ɗan wiwi. Shi ya sa likita kaɗai zai tambayi magungunan da mutum ke sha, abin da zai kai wa hukumar makaranta bai wuce "ya dace da aikin" ko "bai dace ba". Kwalba ta biyu kuma a aika ta labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, mai na'urar tantance sinadarai ta GC-MS ko LC-MS don tabbatarwa. Ku nemo wannan labo tun kafin ku gwada mutum na farko.

Fitsari kuma ba ya nuna maye a lokacin aiki. Tiramol kan kai kwana 2 zuwa 4 yana fita, wiwi ga mai sha kullum har wajen wata guda.

Baban Inuwa, Tawa

A na'urar hurawa, kada a gwada sai an yi minti 15 mutum bai sa komai a baki ba, don ruwan kurkure baki da wasu magungunan tari na da barasa. Mai gwajin ma kada ya shafa man tsabtace hannu ya kama bakin na'ura nan take. In ta nuna wani abu, a jira minti 15 a sake da sabon bakin hurawa, na biyun ake rubutawa. Adadin barasar da aka hana ya kasance a rubuce cikin dokar cikin gida, a bi da ita ta hannun wakilan ma'aikata da ofishin sufeton ƙwadago, kowa ya sani kafin ranar.

Ni ban ga amfanin gwada kowa da kowa ba. Masu tuƙi da masu injuna sun isa, a zaɓe su da ƙuri'a.

Yaya Mariyama

Maganar banɗaki ce ba a taɓa ba. A ware ɗaya na awa biyu da safe, a gama kafin azahar, kada a tare wa mutane alwala. A fitar da buta, bokiti, sabulu da ruwan jabel, a rufe famfo, a zuba shuɗi a ruwan masai. Butar ta jira a ƙofa, a miƙa wa mutum bayan ya ba da kwalba. Mace ke tsaya wa mace, namiji ga namiji, kuma a bakin ƙofa. Kira ya zama da takarda a ambulan, kada a aiki masinja ya tsaya tsakar ɗakin malamai yana ambaton suna, balle a sa a gurup ɗin WhatsApp. A kan kwalba lamba ake rubutawa, ba suna ba.

Firijin ɗakin malamai kuwa na ruwa da fura ne. Fitsari a wurin ƙazanta ne, kuma kowa na iya taɓa liƙin. A sayi ƙaramin kula mai makulli da ƙanƙara, a riƙe shi tsakanin digiri 2 da 8, a kai labo cikin kwana biyu.

Maman Hadiza, Yamai

Allah Ya saka. In mutum ya ce fitsarin bai zo ba fa, musamman da azumi?

Malam Labo

A ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, kada ya wuce kamar lita ɗaya, a jira har awa 3 yana zaune inda ake ganinsa. In an ɗura masa fiye da haka fitsarin zai tsinke, kireyatinin, sinadarin da labo ke aunawa don gane kaurin fitsari, ya sauka ƙasa da miligiram 20 a kowace desilita, labo ya dawo muku da shi. Da azumi a karɓa da sassafe, ruwan sahur bai gama fita ba. Wanda bai samu ba a sa masa wata rana, kada a rubuta cewa ya ƙi.