Neman kalmar Hausa: me za mu kira irin wasan da Marlon Brando ya yi a fim ɗin kaboyi?

1/ Jama'a, kalma nake nema. Masu sharhin fim da Turanci suna da abin da suke kira "eccentric performance", wato a ba jarumi rawa ya taka ta yadda ba wanda ya zata, har mai kallo ya rasa ko gwaninta yake gani ko ɓarna. Mu masu sharhi da Hausa in muka iso nan sai mu ce "ya yi oba" mu wuce. To ai oba hukunci ne. An yanke wa abu hukunci tun ba a raɗa masa suna ba.

2/ Bari mu ɗora maganar a kan fim guda don kada mu yi ta yawo a iska. The Missouri Breaks, fim ɗin kaboyi na 1976, Arthur Penn ya ba da umarni, Thomas McGuane ya rubuta. Labarin a Montana yake, can arewacin Amurka, wajen shekarun 1880. Jack Nicholson ya fito a Tom Logan, shugaban ɓarayin dawaki. Wani attajirin makiyayi, David Braxton, ya gaji da sata, ya rataye yaronsu ɗaya, su ma suka rataye shugaban ma'aikatansa. Sai ya ɗauko hayar makashi mai suna Lee Clayton. Marlon Brando ne Clayton.

A lokacin Brando ya riga ya ci Oscar, babbar kyautar fim ta Amurka, da fim ɗin The Godfather, Nicholson kuma bai daɗe da karɓar tasa ba. Wannan ne kaɗai fim ɗin da suka haɗu a ciki. Mutane suka shiga silima suna jiran karon maza biyu, suka tarar da wani abu daban. Fim ɗin bai yi kasuwar da aka sa rai ba, kuma masu sharhi da yawa a kan Brando suka sauke haushinsu.

3/ Me ya yi? Shigowarsa ta farko, dawaki ake gani suna tahowa kamar ba mahayi, ashe yana maƙale a gefen ɗaya, sai ga kansa ya leƙo. Yana magana da karin harshen mutanen Ayilan, in ya ga dama ya ajiye shi ya ɗauki wani. Yana shafa turare, yana yawo da madubin hangen nesa da littafin tsuntsaye. Yana hira da dokinsa kamar da masoyiya, har su raba karas ɗaya, shi da bakinsa dokin da nasa. A dare guda kuma ya sa doguwar riga da hular tsofaffin matan Turawa, ya cinna wa bukka wuta, ya kashe Cal, babban aminin Logan, da wani makamin jifa mai tsini.

Wannan ɗin nake nema wa suna.

4/ An ba ni shawarwari, zan bi su yadda suka zo mini.

"Zaƙewa." Ita ta fi zuwa baki, kuma kalma ce mai kyau. Amma zaƙewa yawa ne: an ce ka yi kuka ka yi birgima, an ce ka yi fushi ka fasa tukunya. Hanyar ɗaya ce, ka dai wuce inda ya kamata ka tsaya. Brando bai cika ɗaga murya a fim ɗin nan ba, yawancin maganarsa a hankali take fita, kamar mai lallashi. Mu bar zaƙewa ta tsaya a gurbin oba, can ne gidanta, ita da "wuce gona da iri".

"Shirme" da "hauka" ban daɗe a kansu ba. Zagi ne. Wanda wasan ya burge ba zai iya amfani da su ba, kalmar da ɓangare ɗaya kawai zai iya furtawa kuwa ba za ta yi mana aikin sharhi ba.

"Barkwanci" ma a'a. Mai barkwanci dariyarka yake so. Clayton in ya ba ka dariya, kafin ka rufe baki ya kashe mutum.

5/ Wata malama ta kawo "iyayi". Malama, kin taɓo gaskiya, domin tuhumar da aka yi wa Brando kenan: wai ya raina fim ɗin, ya zo nuna cewa ya fi ƙarfin rubutun, yana ƙirƙiro abin da ya ga dama darakta na kallo. Sai dai iyayi magana ce a kan niyyar ɗan wasa, abin da ke zuciyarsa. Mu kuma abin da ya bayyana a majigi muke son sa wa suna. Jarumi na iya yin irin wasan nan da zuciya ɗaya ba don a ce ya iya ba.

6/ Wanda ya fi ba ni wuyar ƙi shi ne na wani ɗan'uwa daga Damagaram: "bambaraƙwai". Yallaɓai, ka kusa. Kowa ya san ƙarashen maganar, wai namiji da suna Hajara, ga kuma ƙato da rigar tsohuwa. Abin da ya hana ni ɗauka shi ne bambaraƙwai yana faɗin yadda mai kallo ya ji, ba ya faɗin abin da jarumi ya aikata. Ana iya cewa "wasan ya zo mini bambaraƙwai", kuma daidai ne. Amma fitila in aka saita ta ba daidai ba, ko kiɗa ya shigo inda bai dace ba, su ma bambaraƙwai ne. Ta yi faɗi.

7/ Abin da na tsaya a kai: BAUƊAƊƊEN WASA.

Asalin kalmar Turancin daga Girkanci take, ma'anarta abin da ya fita daga tsakiya. Bauɗewa kuwa a Hausa barin miƙaƙƙiyar hanya ce a ratse gefe. Kuma mun riga muna cewa "bauɗaɗɗen mutum" ga wanda halinsa ba ya bin na jama'a, ba mahaukaci ba, ba lalle mugu ba, shi dai ba a gane masa. Ba sai mun ƙera sabon abu ba, daga mutum za mu ɗauko ta mu ɗora wa wasa. Tana kuma juyuwa yadda ake so: jarumi ya bauɗe, wasansa bauɗaɗɗe ne, darakta ya ƙyale shi ya bauɗar da rawar.

Na san a bakin mutane da yawa bauɗaɗɗe yana da ɗan ɗaci. Ta Turancin ma ba yabo zalla ba ce. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ba ta rufe ƙofa: direba na bauɗewa ya faɗa rami, yana kuma bauɗewa ya kauce wa rami. "Fanɗarewa" ba ta da wannan sararin, ita ta tarbiyya ce.

8/ To da wannan kalmar a hannu, bauɗewar Brando ta gyara fim ɗin ko ta ɓata shi? Ni a wurina ta gyara, kuma dalilina a cikin labarin yake.

Fim ɗin kaboyi ya saba mana da makashi mai baƙar hula, fuska a murtuke, magana ƙalilan. Irin wannan da ka gan shi ka san abin da zai yi, tsoronsa ya ragu. Clayton ba ka sani. Dubi yadda ya yi da Little Tod, ƙaramin cikin ɓarayin, wanda Randy Quaid ya fito a matsayinsa. Ya same shi a daji da sunan ƙarya da wata murya daban, suka kwana wuri ɗaya kamar abokan tafiya. Washegari wajen tsallaka kogi ya bar yaron a tsakiyar ruwa, yaron da bai iya iyo ba, ya tsaya yana kallo har ruwa ya ci shi. Sauya muryar nan da ake cewa iyayi ne, ita ce tarkon. Rigar tsohuwa ma haka, mutum ne da kisa ya zame masa abin nishaɗi, har yana yi masa kwalliya.

Ga kuma wurin wanka. Logan ya shigo da bindiga cikin fushi, ya tarar da shi zaune cikin kumfa, ba makami. Clayton ya juya masa baya yana ta surutu. Logan ya kasa harbin mutum a haka, sai bahon ya harba, ruwa ya tsiyaye. A nan mai kallo ke gane cewa ɓarawon yana da iyakar da ba ya tsallakawa, wanda aka ɗauko don tsare doka kuwa ba shi da ko ɗaya. Shi kansa Braxton da ya nemi sallamarsa, Clayton ƙi ya yi. Da Brando ya taka rawar a miƙe, da wannan ma'anar ta yi rauni sosai.

9/ Amma masu suka ba a banza suke magana ba. Akwai inda bauɗewar ta zarce ta zama zaƙewa, musamman doguwar hirarsa da doki gab da ƙarshe, inda labari ya tsaya cak ana jiransa ya gama. Kuma nauyinsa ya danne soyayyar Logan da Jane, 'yar Braxton, wadda ya kamata ta riƙe tsakiyar fim ɗin. In Brando ya fita daga majigi sai ka ji kamar wani fim aka kunna. Wannan asara ce ta gaske, ina ganin rabin laifin na darakta ne, shi ke da almakashi.

10/ Don haka ga yadda zan riƙa rubutawa daga yau: "Brando ya yi bauɗaɗɗen wasa a The Missouri Breaks, ya zaƙe a wuri ɗaya ko biyu." Jam'i kuma "bauɗaɗɗun wasanni". 'Yan'uwa na Sakkwato da Katsina da Maraɗi, in bauɗaɗɗe ya fi haka muni a bakinku har ba ya karɓar yabo, ku faɗa mini, ku kawo wadda kuke cewa.