Yadda muka sa yayye cikin renon sabon jariri

Mai jego, Rikkos:
Assalamu alaikum. Yau kwana 12 da haihuwata, kuma tun ranar suna ɗana mai shekara 4 ya koma fitsarin kwance, yana kuka in goya shi duk sanda na ɗauki ƙanwarsa. Ina roƙon iyayen da suka riga ni su faɗa mini yadda suka yi.

Uwar 'ya'ya biyar, Unguwar Rogo:
Barka da arziki ƙanwata, Allah ya raya. Kishi ne, kuma ni aiki na ba ɗana ya warke. Kin san sanyin Jos ba ya barin a daɗe da jariri tsirara bayan wanka, sai na ce masa shi ne mai riƙe tawul da hula da safa, ba a fara wanka sai Yaya ya iso. Da baƙi suka zo barka nakan roƙe su su fara gaishe shi kafin su karɓi jaririyar. Kafin mu yi arba'in shimfiɗarsa ta bushe.

Wata uwa, Nasarawa Gwom:
Ina goyon bayan Hajiya, amma kada ido ya bar kansu. Ina wankan jego 'yata mai shekara 7 ta ji ƙaninta yana kuka, tausayi ya sa ta ɗura masa ruwa da cokali har ya ƙware, alhali a asibiti an ce nono zalla har wata 6. Ban dake ta ba, domin laifina ne da ban bayyana mata ba. Daga ranar, ba ta ɗaukarsa sai a zaune kan tabarma, hannunta tallafe da wuyansa, ni kuma ina gefe.

Babbar 'ya, Bukuru:
Ni ta ɓangaren yayye zan yi magana. Ina shekara 9 aka ɗaura mini goyo, kuma sau da yawa na rasa makaranta saboda reno, yayin da yayana namiji yake filin ƙwallo. Ina ƙaunar ƙannena har gobe, amma karatun da ya wuce ni bai dawo ba. Don Allah a raba hidimar har da maza, kada a mayar da yarinya uwa ta biyu.

Wani uba, Gangare:
Maganarki ta taɓa ni, 'yar'uwa. Ranar rigakafin mako 6 da babban ɗana muka je, shi ya riƙe katin, kuma shi ya tuna mana ranar komawa ta mako 10.