Takardun da munka samu cikin adakar Kakanmu: a kai gidan tarihi ko a bar su gida?

Jikan Bafatake:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Wata uku ke nan da rasuwar Baba, Allah ya jiƙan shi, sai makon jiya munka buɗe ɗakin shi don rabon gado. A ƙarƙashin gado akwai wata adaka ta ƙarfe wadda tun muna yara ba a bari mu taɓa. Ashe ta Kakanmu ce, wanda ya yi fataucin fata da ƙirgi nan Sakkwato.

Babu ko anini ciki, takardu ne zalla. Akwai rasit na haraji masu hatimin En'e (hukumar gargajiya ta zamanin Turawa), da na jangali, da rasit na kamfanin Turawan da yake sayar wa fatar jar akuya. Akwai wasiƙu bakwai na ajami da ƙanen shi ya aiko daga Sudan, lokacin da ya tafi Makka a ƙasa. Bai dawo ba, kuma sai yanzu na fara ganin rubutun hannun shi. A ɗaya yana tambaya ko an yi wa 'yar shi aure. Wannan 'yar ita ce Gwaggo da muke tare da ita yau, ta haura tamanin. Da na karanta mata, kuka ta yi har na kasa ƙarasawa.

Sai wani littafi cikin gafaka, na bashi: wane fam biyu, wane sule goma sha biyar, wance taro (kwabo uku). Gara ta ci gefe guda.

Yaya ya ce a ƙona su tunda akwai bisimilla a kai, kada yara su tattake. Raina bai ba ni ba. Me kuke gani?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Ɗan'uwa, ka roƙi Yaya ya dakata. Tarihin sarakuna da malamai muna da shi jingim, na Daular Usmaniyya da na zuwan Turawa a 1903. Abin da muke nema ido rufe shi ne irin naka: nawa talaka ya biya haraji, wa ke ba wa bashi, yaya fata ke barin Sakkwato tunda jirgin ƙasa bai taɓa zuwa nan ba, a Ƙaura Namoda ya tsaya a 1929.

Ko babu kwanan wata za ka iya kintata shekarunsu. Duk lissafin fam da sule kafin 1973 ne, shekarar da naira ta shigo. Sule ashirin ke fam ɗaya, kwabo goma sha biyu ke sule. Ka kuma ɗaga wasiƙun ga haske. In ka ga jinjirin wata uku a jikin takardar, irin wadda ake kawowa daga Italiya ce, wadda malamanmu sunka daɗe suna rubutu a kai.

Abin da za ka kiyaye: kada ka kai a manne su da roba mai zafi, kada ka liƙa salatif a wurin da ya yage, kada ruwa ya taɓa su don tawadar gida narkewa take yi. Ka ɗauki hoton kowace, gaba da baya, yadda ka same su a jere. Sannan ka je Gidan Tarihi na Waziri Junaidu ka nuna masu. Akwai kuma Arewa House da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna.

Hajiya 'Yar Gidadawa:
Ɗana, ni na ga irin wannan. Namu na cikin ɗakin soro, damina guda rufi ya zube, munka kwashe su kamar tuwo. Har yau ina jin zafin abin. Ka ɗauke adakar daga ƙasa yau ɗin nan, ka aza bisa wani abu mai tsayi.

Amma littafin bashin nan, ban yarda da Malam ba. Mutanen da ke ciki suna da jikoki a unguwarku, wataƙila har da surukanku. Kakanka ya rufa masu asiri yana raye, ba kai za ka tona ba. Kuma ku tambayi malamai, ko akwai wanda ba a biya ba, ko wanda shi ake bi.

Malamin Tarihi:
Hajiya, gaskiyarki, ban hango wannan ba. Yana iya ba da hoton rasit da wasiƙun, littafin ya zauna gida. Ni dai ƙonawar ce ba na so.

Jikan Bafatake:
Na gode ƙwarai. Hajiya, na koma na duba littafin a natse. Sunaye da yawa an ja masu layi, a gefe an rubuta "na yafe". Guda huɗu ne babu komai a gabansu, su za mu kai wa liman. Yaya ya yarda a dakata. Wasiƙun kuwa Gwaggo ta ce ba mai fita da su tana raye, ta sa su ƙarƙashin matashinta. Malam, zufa ba za ta lalata su ba? In akwai abin da zan naɗe mata su ciki, don Allah ka faɗa mini.