Shawarwarin tsofaffin hannu ga mai koyon El Grande

Da aka tattauna kan yadda sabon shiga zai kama hannu a El Grande, wasan allo da Wolfgang Kramer da Richard Ulrich suka fitar a 1995, bakin yawancin tsofaffin hannu ya zo ɗaya: kada ka watsa mayaƙanka a duk yankuna 9 na Sifaniya. Ka riƙe uku ko huɗu da kyau.

An fi daɗewa a kan katunan ƙarfi, masu lamba 1 zuwa 13. Babbar lamba tana ba ka zaɓen farko, amma 13 ba ta kawo maka mayaƙi ko ɗaya fada (inda kake ɗibar mayaƙan da za ka sa a allo), alhali 1 tana kawo 6. Mai koyo yakan yi gaggawar jefa manya, sai fadarsa ta bushe daidai lokacin ƙirga maki, bayan zagaye na 3, 6 da 9. Shawarar a guji wannan gaggawar ita ta fi kwanta mini a rai.

Yankin da sarki yake kuwa a kulle yake, ba shiga ba fita. In kana kan gaba a wuri, ja sarki can.

Kan hasumiya, inda ake jefa mayaƙa su ɓuya har lokacin ƙirga maki, aka rabu. Wasu suka ce a cika ta, wasu suka ce mayaƙa biyu sun isa, muddin kana ƙirga abin da kowa ya jefa ciki.