Firigona sai ya ce ƙas ya tsaya, mai gyara ya ce in canza inji

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina zaune a Garin Malam, nan Damagaram. Da firigo nake riƙe gida: ƙanƙara, zoɓo da lamurje, yara suna kaiwa Kasuwar Dole. Ɗan gwanjo ne na Turai, shekara 6 yana hannuna. Tun da zafi ya shigo ya canza hali. Injin zai yi ɗan gunji, ya ce ƙas, ya yi shiru, bayan minti uku ya sake. Jiya na ɗaura zoɓo leda 50 tun magariba, da asuba na taɓa, ruwa tsululu. Mai gyara ya zo sau biyu, kowane zuwa gas yake zubawa in ba shi jika takwas, sati biyu abu ya dawo. Yanzu ya ce sai sabon inji. Wallahi ba ni da halinsa, kuma marayu huɗu nake ci da su. Me kuke gani?

Wani mai gyaran firigo a Sabon Gari:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki bari a cire injin tukuna, matsala biyu ce aka cakuɗa miki. Gas ɗin firigo ba ya ƙarewa kamar na girki, zagayawa yake cikin bututu a rufe. In ya ragu, akwai huda. Zuba shi ba a toshe hudar ba kamar cika fasasshen tulu ne. Kumfar sabulu ake shafawa a mahaɗan bututu, inda ta yi ƙwai nan ne. A liƙe, a canza filta, a zuƙe iskar ciki, sannan a zuba gas. Ki duba rubutun jikin injin, za ki ga sunan irin gas ɗin, R134a ko R600a. Ba a haɗa su, kuma R600a yana kama wuta.

Ƙas ɗin kuwa, a gefen injin akwai ɗan akwatin baƙar roba. Ciki akwai rele mai tada inji, da ɗan abin da ke yanke wuta idan injin ya kasa tashi ko ya ɗau zafi. Shi kike ji. A zare waya daga bango, a ciro relen a girgiza. In ya yi kacau-kacau kamar tsakuwa a gwangwani, ya ƙone, kuma kuɗinsa ba wani abu ba ne. Sai an sa sabo injin ya ƙi tashi ake maganar inji.

Wata ƴar uwa daga Birni:
Yaya, don Allah kina ɓamɓare ƙanƙarar ciki da wuƙa? Ni haka na yi wa nawa, na ji tsss, wata iska mai sanyi ta bugi hannuna, shi ke nan. Yanzu kashewa nake, in ajiye roba da ruwan ɗumi a ciki, ta narke da kanta.

Wani malamin makaranta:
Hajiya, Allah ya ƙara rufin asiri. Ki nemi takardar da ke manne a ciki ko a baya, akwai harafin irin yanayin da aka ƙera shi dominsa. SN da N iyakarsu zafi digiri 32, ST 38, T kuma 43. Wasu na gwanjon Turai SN ne ko N, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna wuce 40. Dole injin ya wahala. Ki janye shi daga bango kamar tafin hannu, ki share ƙurar hunturu da ta toshe ragar bayansa, in da ƙaramar fanka ki juya ta can. Wuta mai rauni ma tana sa wannan ƙas ɗin, firigo wuta mai ƙarfin volt 220 yake so. In an ɗauke wuta ki zare shi, in ta dawo ki jira minti biyar.

Wata uwa:
Ƴata, ki bar zoɓo ya huce sarai kafin ki sa. Ki kuma maƙale takarda a ƙofa ki rufe ki ja, in ta zaro ba wuya, robar ƙofar ta saki.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba da tocila: SN ne, R600a. Ɗana ya ciro relen, yana kacau-kacau. Maganar wuƙa kuwa, ƙanwata, kin kama ni, kullum da ita nake yi, har akwai wani ɗan tabo mai maiƙo a ƙasan gidan ƙanƙarar. Malam mai gyara, wannan yana liƙuwa?

Mai gyaran firigo:
Wannan maiƙon man inji ne da ke fita tare da gas, kin gano hudar da kanki. Wurin alminiyam ne, da gam mai haɗi biyu ake toshe shi bayan an goge ya bushe, in hudar ta yi faɗi a canza farantin gidan ƙanƙarar. Kar ki ƙara kunna shi, danshi na shiga ta nan. Kuma duk wanda zai kunna wutar walda, ya fitar da firigon tsakar gida, ya tabbatar gas ɗin ya fita duka.