Tsohuwar adakar Louis Vuitton: a sabunta ta ko a bar ta yadda take?

Habibu:
Assalamu alaikum. Wani dillalin kayan tarihi ya nuna mini adakar tafiya ta Louis Vuitton wadda ya ce ta haura shekara 100, amma yadin jikinta ya koɗe, shafin cikinta ya yage, tagullar kusurwoyinta kuma ta yi baƙi. Ta yaya ake gane zamanin da aka ƙera ta, kuma idan na saya, ya dace in kai a sabunta ta?

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Ka fara duba zanen yadin, domin shi ke nuna zamani. Louis Vuitton ya buɗe shagonsa a Paris a 1854, a 1858 kuma ya fito da adaka mai shimfiɗaɗɗen murfi da yadi ruwan toka, wadda ake iya ɗora wata kan wata a jirgin ƙasa ko na ruwa. Da masu kwaikwayo suka matsa, sai aka koma yadi mai ratsi-ratsi a 1872, sannan mai gida-gida a 1888. Zanen haruffan LV da furanni kuwa ɗansa Georges ne ya fito da shi a 1896, saboda haka adaka mai wannan zane ba za ta girmi shekarar ba, kome dillali zai faɗa.

Alhaji Garba:
Malam Habibu, don Allah kada ka sabunta ta. Masu tara irin waɗannan kaya asali suke biya, kuma da zarar an sauya shafin ciki, takardar kamfani mai ɗauke da lambar adakar kan tafi tare da shi. Haruffan sunan mai ita na farko da aka rubuta da fenti a gefe, da takardun otal-otal da aka liƙa mata, su ne shaidar inda ta taka, kuma ba a sake samun su idan an kankare. Ka goge ƙura da busasshen ƙyalle mai laushi, ka kuma duba ko makullin da kawunan ƙusoshin na ɗauke da sunan kamfanin.

Malama Zainab:
Alhaji ya yi gaskiya, sai dai ka kula da ma'ajiya, domin gangar jikin katako ce, gara da laimar damina kuma ba sa raga mata. Kamfanin da kansa ya ƙera wasu da rufin ƙarfen zinki saboda matafiya zuwa ƙasashe masu zafi da danshi. Ka ɗora ta a kan dandamali nesa da bango, inda rana ba ta dukan ta.